Yadda za ka haɗa agogo mai kama da na manya a cikin ɗakinka

Akwai wani dattijo mai gyaran agogo da ke zama a gefen babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, da ɗan akwatinsa na gilashi da madubin ido ɗaya rataye a wuya. Shi na fara kai wa agogon da na haɗa da hannuna. Ya juya shi, ya kara a kunne, ya buɗe bayansa, ya ce, "Ɗana, injin Seiko ne, na san shi. To ina sunan kamfani a fuskar?" Na ce, "Baba, babu suna. Ni na haɗa." Ya daɗe yana kallo, sannan ya karkata agogon wajen hasken rana ya nuna mini wata 'yar ƙura a ƙarƙashin gilashi, daidai ƙarfe 7, wadda ni ban taɓa lura da ita ba. "Da hunturu ka yi aikin nan," in ji shi. Kuma da hunturun na yi.

Abin da zan koya maka ba ƙera agogo daga tushe ba ne, wannan aikin masana'anta ne. Haɗawa za ka yi: ka sayi inji daban, gida daban, fuska da hannuwa daban, ka zauna ka tayar da agogon da ke tafiya ba tare da batir ba, mai siffar waɗanda muke gani a hannun manyan alhazai. Kuɗin kayan gaba ɗaya bai wuce na wayar hannu matsakaiciya ba, alhali sabon Rolex Submariner ya haura sefa miliyan 5.

Maganar suna tukuna

Masu sayar da kayan a intanet za su yi maka tayin fuska mai ɗauke da kambun Rolex ko sunan Omega. Kada ka karɓa. Siffa daban, suna daban. Siffar agogon masu ninƙaya, baƙar fuska da zobe mai juyawa da manyan ɗigogi masu haske a duhu, ta bazu a duniya tun bayan fitowar Submariner a 1953, kamfanoni da yawa suna yin irinta da sunayensu, ba wanda ya ce sun yi sata. Amma ranar da ka manna sunan wani a kan abin da ba shi ya yi ba, ka koma mai jabu. Kamaru da Chadi duka suna cikin ƙungiyar OAPI mai kare tambarin kaya, wadda hedikwatarta ke Yawunde, kuma 'yan duwan, wato kwastan, na da ikon riƙe kayan bogi in sun kama. Ko ba don hukuma ba, mun san hadisin da ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Kai ka san agogon na bogi ne, amma agogo yana daɗewa fiye da mai shi. Wata rana zai faɗa hannun magada ko dillali, a sayar wa wani bawan Allah a matsayin na gaske. Kama da wane ba wane ba ne, kuma ni ban ga abin kunya a nan ba. Fuskar da babu rubutu ta fi mini daɗi, domin duk wanda ya tambaye ni wane kamfani ne, ina da amsar da ta fi kowane suna.

Kayan da za ka saya

Fara da inji, don shi ke yanke hukuncin sauran. Ga ɗan koyo ban san wanda ya kai NH35 ba, na kamfanin Seiko. Faɗinsa milimita 27.4, kaurinsa milimita 5.32, yana da duwatsu 24 a wuraren da ƙarafa ke gogayya, yana bugawa sau 21,600 a awa, wato sau 6 a kowane sakan, shi ya sa hannun sakan ɗinsa yake tafiya sumul maimakon tsalle-tsallen agogon batir. In an wana shi ya cika yana kai awa 41 a ajiye. Motsin hannunka ke wana shi ta wani faifai mai lilo a bayansa, kana kuma iya wana shi da yatsa. Ɗan'uwansa NH36 yana nuna ranar mako, amma bar shi sai karo na biyu.

Gidan ya zama na baƙin ƙarfe mara tsatsa, wanda ake rubuta wa 316L, da gilashin saffaya. Wannan gilashi taurinsa 9 ne a ma'aunin da lu'ulu'u ke da 10, don haka yashinmu ba ya kankare shi kamar yadda yake yi wa gilashi na yau da kullum. Girman milimita 39 ko 40 ya dace da yawancin hannuwa. Masu ruwan zinare kuwa ban ba ka shawara ba: gumin Garwa yana cinye ruwan cikin ɗan lokaci, ga kuma maganar zinare a hannun namiji da ba sai na tsaya bayani ba.

Fuska milimita 28.5. Hannuwa kuma a tabbata an rubuta na NH35 ne, domin ramukansu awo gare su: na awa milimita 1.5, na minti kusan 0.9, na sakan kusan 0.2. Ka sayi hannuwa jeri biyu, da sandar maɓalli, wato ɗan ƙarfen da ke haɗa maɓallin gefe da inji, guda biyu ko uku. Za ka lalata ɗaya, kowa ya lalata, kuma ba abin da ya kai zaman jiran saƙo na wata guda ciwo saboda wani ƙarfe da bai kai tsinke ba.

Abu ɗaya da ke kayar da mutane tun wajen oda: wurin maɓallin da ake murzawa a gefe. Wasu gidajen yana daidai ƙarfe 3, wasu yana ƙasa kaɗan, kusa da ƙarfe 4. Zaɓi na ƙarfe 3, ka kuma tabbata fuskar ta dace da shi. Ni a odata ta farko ban duba ba, gida ya zo da na ƙarfe 4, fuska ta zo da ƙafafu biyu kacal na ƙarfe 3, wato 'yan ƙusoshin bayanta da ke riƙe ta a kan inji, sai da na sake jira.

Yawancin kayan daga China suke zuwa, ta AliExpress da makamantansa. Gidan waya yana kawowa amma sai ka yi haƙuri. Da yawa daga cikinmu mun fi bi ta hannun 'yan kasuwar da ke shigo da kaya ta Duwala, a saka maka ɗan ƙunshinka a motar da ke hawowa arewa ta Ngaundere. Haɗa odar wuri ɗaya, ka roƙi mai sayarwa ya bar injin cikin robarsa mai tauri.

Kayan aikin ba su da yawa. Hantsaki mai siririn baki, madubin ido, abin danna hannuwa mai bakin roba, 'yan ƙarafa biyu na cire hannuwa, mazaunin da ake ɗora inji, 'yar robar hura iska, ƙwallon roba na buɗe bayan agogo, filaya mai yanka, dutsen wasa wuƙa mai laushi, man silikon, da wani koren ɗanko mai kama da cingam da ake kira Rodico, wanda ke ɗauke ƙura da shatin yatsa. Sai ma'aunin milimita irin na makanikai, wanda a nan aka fi sani da piye a kulis. In ba ka da shi, ara. Safar yatsa kuma, yanko yatsun safar hannu ta asibiti mara hoda ya wadatar.

Ɗakin aiki

A Turai masu wannan sha'awa ba sa dogon tunani a kan ƙura. Mu kuwa ita ce rabin aikin. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska ɗauke take da gari, ko ka rufe ƙofa yana shigowa. Maris da Afrilu zafi ya wuce digiri 40, ga shi dole ka kashe fanka, gumi na ɗiga daga goshi kan fuskar agogo. Damina ta fi, musamman washegarin ruwan sama. In ba za ka iya jira ba, yi aikin bayan sallar asuba: yayyafa ruwa a ƙasa, rufe taga, goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma, ka ba ɗakin minti 20 ƙura ta kwanta. Shimfiɗa farar takarda a cikin tire mai baki, don abin da ya kuɓuce ya tsaya a ciki. Ajiye fitila mai caji kusa, kada a ɗauke wuta kana tsakiyar ɗora hannun sakan. Kuma ka samu kofin shayi na gilashi mai faɗin baki. Duk lokacin da za ka ɗaga hannu daga aiki, ko na minti ɗaya ne, kife shi a kan injin. Kada ka taɓa hura inji da baki, yawu ke fita tare da iskar.

Gwajin inji da ɗora fuska

Kafin komai, murza sandar da injin ya zo da ita kamar sau 20, ka ga 'yar ƙafar da ke kai da komo a baya ta tashi. Ja sandar mataki ɗaya ka murza, kwanan wata ya canza. Ja mataki na biyu, injin ya tsaya cik. In duk sun yi, mayar da sandar ciki, kife kofi ka bar shi ya kwana yana tafiya. Injin da ya mutu cikin dare gara ka sani tun ba ka ɗora masa komai ba.

Juya fuskar ka dubi bayanta. Galibi ƙafafu huɗu ne, biyu na maɓallin ƙarfe 3, biyu na kusa da 4. Kara ta a kan injin, tagar kwanan wata a gefen sanda, za ka ga waɗanne biyu ne suka fuskanci ramukan da ke cikin zoben robar da ya kewaye injin. Sauran biyun ka kama su da filaya ka murɗa a hankali har su tsinke, ka goge gurbin ya yi sumul, don guntun da ya rage yana iya tare faifan kwanan wata. Duba sau biyu kafin ka tsinke, ƙafa ba ta komawa. Sai ka danna fuskar a hankali daga gefe-gefe har ta zauna, lambar kwanan wata ta fito a tsakiyar tagarta.

Hannuwa

Nan ne aikin yake, nan kuma za ka san ko kana da haƙuri.

Ɗora injin a mazauninsa. Ja sanda mataki na biyu, ka riƙa murzawa gaba sannu a hankali kana kallon tagar kwanan wata. Za ka ga lambar ta fara jan jiki, tana tafiya, tana tafiya, sai ta faɗa wurinta. Tsaya nan take. Wannan shi ne ƙarfe 12 na dare a wurin injin, kuma daga nan kada ka sake taɓa sandar sai hannun awa ya zauna. In ka wuce, kada ka koma baya, zagayo wata kwana.

Ɗauki hannun awa da ɗan dunƙulen Rodico, ba da hantsaki ba, don hantsaki yana barin tabo a ƙarfe mai sheƙi. Saka raminsa a kan bututun tsakiya, bakinsa na kallon 12 daidai. Ɗora abin dannawa a tsaye, ka danna kaɗan. Kafin ka ƙarasa, duba ko ya karkace, ka gyara da tsinken sakace. Sannan ka danna har saman hannun ya yi daidai da bakin bututun. Yanzu sauko da idonka daidai tebur ka kalle shi ta gefe: ya kwanta a miƙe, bai taɓa fuska ba, bai ɗaga kai sama ba.

Murza har hannun awa ya tsaya cif a kan 6, sannan ka ɗora na minti yana kallon 12. Na fi son 6 saboda hannuwan biyu suna yin layi ɗaya, ko ɗan kuskure ido zai kama. Danna shi kamar na farko, ka sake dubawa ta gefe. Tsakaninsa da na awa a samu 'yar tazara kamar kaurin takarda biyu. Zagaya da su awa 24 cur. A kowace awa, in na minti ya hau 12, na awa ya kasance a kan lambarsa. Kwanan wata kuma ya faɗa kusa da 12 na dare. Minti biyar gaba ko baya ba laifi, amma in ya kai rabin awa, cire ka sake. Wajen cirewa, shimfiɗa 'yar leda a kan fuskar kafin ka zura ƙarafan, in ba haka ba za su bar maka zane biyu da za ka riƙa gani har abada.

Hannun sakan shi ne mai sa mutum istigfari. A ƙasansa akwai ɗan bututu, shi za ka zura a kan wata allura da ke can cikin tsakiya, siririya kamar gashi biyu. Ba ka ganinta sai da madubi da haske daga gefe. Kama wutsiyar hannun da Rodico, jingina gwiwar hannunka a tebur, sauke shi a hankali har ka ji ya rataya da kansa. In ka saki ya tsaya a miƙe yana ɗan rawa, ya hau. In ya kwanta gefe, bai hau ba, kada ka danna. Ni na danna a karon farko, na ji wani ɗan ƙas, bututun ya lanƙwashe, Allah ya taimake ni allurar injin ba ta karye ba. Da ta karye, injin ya tashi aiki. In ya hau, dannawa kaɗan ta isa, kamar yadda za ka taɓa idon jariri. Mayar da sanda ciki, ka zuba ido minti biyu ka ga ya wuce ta kan na minti bai goge shi ba. In hannunka ya fara rawa, kife kofi, tashi ka sha ruwa. Gaggawa aikin Shaiɗan ce, a nan kuwa har da asarar kuɗi.

Saka shi a gida da yanke sanda

Juya injin. Kusa da inda sanda ta shiga akwai wani ɗan ƙarfe mai ɗigon rami, yana bayyana ne in sandar tana ciki gaba ɗaya. Danna shi kaɗan da tsinke ka zare sandar, ba da ƙarfi ba. Hura cikin gidan da robar iska, bi gilashin ta ciki da Rodico, bi fuskar ma, sannan ka kife gidan a kan injin ka juya su tare. Ɗaura maɓallin gidan a kan sabuwar sanda ka zura har ta yi ƙas. Kafin ka ci gaba, fita da shi hasken rana ka karkata ta kowane gefe. Ƙurar da fitila ta ɓoye rana za ta tona, abin da ban yi ba ke nan har dattijon nan ya kama ni.

Sandar tana zuwa da tsawo fiye da kima, za ka ga maɓallin ya yi nesa da gida. Irin wannan gida maɓallinsa ɗaurawa ake yi a kan wani ɗan bututu mai zare. Auna tazarar da ke tsakanin bakin maɓalli da bakin bututun. Zare sandar, kwance maɓallin, ka yanke daga ɓangaren mai zare, ba wanda ke shiga inji ba, kuma ka yanke ƙasa da abin da ka auna da kamar rabin milimita. Goge bakin a dutse don zaren ya kama. Mayar, gwada. In maɓallin ya ƙi ɗauruwa har ƙarshe, sake gogawa kaɗan. Sau huɗu, sau biyar, ba komai. Wadda ta yi tsawo ana rage ta, wadda ta gajarce sai shara: za ka ja maɓalli ka ji bai kama matakan ba. In ta yi daidai, ɗiga ɗan man kulle zare irin Loctite a bakin sandar, ka ɗaure maɓallin tamau. Shafa wa robar murfin baya man silikon kaɗan, ta yi sheƙi kawai, zaunar da ita a raminta, ka murza murfin da ƙwallon roba.

Makon farko

Saita shi da agogon wayarka ka ɗaura kwana bakwai, kana rubuta bambancin kowace safiya. Kamfanin ya yarda injin ya yi jinkirin sakan 20 ko saurin sakan 40 a rana, amma yawanci ya fi haka kyau. In yana cikin wannan iyaka, ni dai shawarata ka ƙyale shi. Akwai ɗan hannu kusa da ƙafar da ke kai da komo, mai alamar + da −, wanda ake turawa a daidaita gudu, sai dai turin da ido bai gani ba yana canza sakan da yawa, kuma siririyar wayar da ke gefensa in tsinke ya taɓa ta an gama. In ka ga agogo ya fara saurin mintoci a rana, yawanci maganaɗisu ya kama, daga lasifikar rediyo ko ta waya. Kara shi kusa da kamfas ɗin duba alƙibla, in allurar ta motsa, shi ne; ɗan abin cire maganaɗisu ba shi da tsada.

Kada ka canza kwanan wata da mataki na ɗaya tsakanin ƙarfe 9 na dare da 4 na asuba, lokacin haƙoran canjin suna haɗe. Kuma ko an rubuta a gidan cewa yana jure zurfin ruwa mita 200, kai ka rufe shi, ba a gwada shi da na'ura ba. Fantsamar ruwan alwala ba ta komai in maɓalli a ɗaure yake, amma kada ka shiga Binuwai ko tafkin Lagdo da shi.

Maɗauri

Sarƙar ƙarfen da ke zuwa da gida ita ta dace da bazara, don gumi ba ya cin ta. Amma abin da ya mayar da agogona na nan ƙasar shi ne fata. Marwa gari ne na majema da dukawa tun kaka da kakanni, kuma baduku da ke ɗinka takalmi da jaka ba zai kasa maɗaurin agogo ba in ka kai masa awo. Tsakanin ƙahonin gidan milimita 20 ne a yawancin irin wannan, ka auna naka ka tabbatar. Kai masa tsohon maɗauri ya zana a kai, da 'yan sandunan sifirin da ke riƙe shi, don ya naɗe bakin fatar daidai kaurinsu. Fatar akuya ta isa, bar ta kada da ta mesa. Ka ce masa ya fere wurin naɗin ya yi siriri, in ya yi kauri zai riƙa gogar gida. Ka kuma roƙe shi ya yi shafin ciki da fatar da ba a rina ba. Na farkon da aka yi mini ja ne ciki da waje, ranar wata Juma'a mai zafi na dawo daga masallaci da jan zobe a wuyan hannu da bakin hannun farar riga. Na mayar masa, ya duba ya ce, "Alhaji, ai da ka faɗa mini a fatar mutum zai kwanta." Ya sake wani da farin shafi, ya ɗinke gefen da baƙin zare, shi ne a hannuna yau shekara ta biyu.